Ranar da Sumie Ta Je Sallama

Ranar ƙarshe ta watan Maris matata Sumie ta je ofishinsu ta raba biskit, ta yi sallama. Ta shiga da hantsi, ta fito da yamma rungume da furanni tana dariya. Wannan zuwan ne ya cinye mana alawus ɗin jinya na wata goma. Babu wanda ya yi mana mugunta a ciki. Na duba da kyau, don duba shi ne sana'ata. Shekara biyu ke nan ina neman mugu ko da guda ɗaya a labarin nan, ban samu ba, kuma rashin samun ya fi komai ci mini rai.

Sunana Nagumo Isao. Na yi shekara talatin ina gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a nan Toyama, har ranar da mai ita ya tara mu ya rusuna ya ce ya rufe. Daga nan sai ɗan abin da ya faɗo: tarihin wata makaranta, waƙoƙin wani tsohon likita da ya biya da aljihunsa aka buga masa. Fanshona sai na kai sittin da biyar, ni kuwa a lokacin ina sittin da biyu. Albashin Sumie ne ya riƙe gidan. Shekara ashirin da shida tana sashen kuɗi na wani kamfani mai yin kwalayen magani. Ba mu haihu ba. Abin da muka tara shi ne littattafai, nawa, da faɗa, namu mu biyu.

Kada wani ya tausaya mana. Faɗan shi ne auren. Muna yi a kan gishirin miya, a kan littattafan da na jibge a hanyar banɗaki, a kan wanda ya bar taga a buɗe dusar ƙanƙara ta jiƙa tabarma. Malam Jan Biro take kirana.

"Malam Jan Biro, in ka gama gyara wa duniya waƙafi, shara na jiranka."

Ni kuma in ce mata da ana biyan mutum a kan yawan surutu da tuni mun sayi gida mai lambu. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta taɓa cewa duk ranar da ta ji shiru a samanta, sai ta fara tunanin kiran motar asibiti.

A watan Yuli aka gano ciwon daji a hanjin Sumie, ya riga ya taɓa hanta. Ba a jima ba manajan sashenta, Hirase, ya zo gida da kankana mai tsada a cikin akwatin katako, irin wadda ake kai wa wanda ba a sa ran zai iya ci. Mutum ne mai taushin murya da yawan gumi. Ya durƙusa a tabarma, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Nagumo-san, kada ki sa damuwar komai a ranki," ya ce mata, da sunan gidanmu da "san" ɗin girmamawa, yadda ake kiranta a ofis. "Kwana uku na farko ba a biya, na jira ne, amma mun cike su da hutunki na shekara. Daga na huɗu asusun inshorar lafiyarmu zai riƙa ba ki kashi biyu cikin uku na albashinki. Duk wata likita ya sa hannu cewa ba ki iya aiki, mu kuma mu buga hatimi cewa ba ki zo ba, ba mu biya ki ba. Haka har shekara ɗaya da rabi."

"Kujerata fa, Manaja?"

Ya zaro hankici ya goge wuya. "Kujera kuwa, dokar kamfani wata takwas take riƙe wa mutum. In ba ki dawo ba zuwa ƙarshen Maris, sai a rubuta kin ajiye aiki. Amma alawus ɗin ba ya tsayawa. Tunda kin daɗe a asusun, zai bi ki gida har wa'adinsa ya cika."

"Wato kuɗin ya fi kamfanin zumunci," na ce.

Hirase ya yi irin dariyar da ake yi wa mijin ma'aikaciya. Sumie ta mintsine ni a cinya ba tare da fuskarta ta motsa ba.

Ya bar mana ɗan littafin bayani. Na karanta shi daga bango zuwa bango, na sami kuskuren rubutu biyu. Duk abin da Hirase ya faɗa yana ciki, daidai wa daida. Abin da bai faɗa ba, shi ma littafin bai faɗa ba.

Kashi biyu cikin uku ya isa mutum biyu da ba sa zuwa ko'ina sai asibiti. Ya biya haya, ya biya rabonmu na kuɗin magani, ya sayi shinkafa. Amma babban abin da ya saya shi ne ni. Na zauna a gida. Na daina neman aiki a waje, na koyi dama kunun shinkafa, na koyi yadda ake riƙe goshin mai amai, na koyi wace kalar fitsari ce ake buga wa likita waya a kanta.

"Wannan kunu ne ko man liƙa takarda?" ta kan tambaya.

"Ci ki gani. In bakinki ya liƙe, ai riba biyu."

"Mugun tsoho. Ƙaro mini."

Na karanta labaran ma'aurata da yawa a rayuwata, mafi yawansu ƙarya ce mai kyawun jimla. Zan dai ce waɗannan watanni takwas ban san abin da ya fi su ba, duk da bokitin da ke gefen shimfiɗa.

Da Maris ya shigo likita ya ce maganar komawa aiki ba ta taso ba. Sumie ta ji, ta gyaɗa kai, muna dawowa gida ta ɗauki waya ta yi odar biskit daga shagon da ke kusa da tasha, irin wanda kowanne ke cikin ledarsa, don kowa ya ɗauki nasa ba tare da ya taɓa na wani ba.

"Na me?" na tambaya.

"Na sallama mana. Ranar ƙarshe zan je."

"Ki je ina? Ke da ba ki iya hawa benen gidan nan sai kin huta sau biyu?"

"Ofis akwai lif, Malam. Wata na'ura ce da aka ƙirƙiro bayan littattafan da kake karantawa."

"A aika musu ta gidan waya. Ki haɗa da kati, ni zan gyara miki rubutun."

Ta ajiye wayar ta dube ni kamar na ce ta fita titi ba riga. "Wata takwas mutane suna ɗauke da aikina a kan nasu. Abokiyar aikina Ukai ba ta ga jikanta da rana ba tun bazara. In sulale kamar wadda ta saci abu? Zumunci a ƙafa yake. Zan tsaya a gaban kowa in ce na ɗora muku nauyi, ku yafe ni, na gode. Minti ashirin, shi ke nan."

"Su ne ya kamata su zo."

"Kai da ba ka taɓa gaida maƙwabci da son ranka ba, kai za ka koya mini ladabi?"

Mun yi kwana biyu a kan wannan. Ita ta ci, kamar kullum. Ba don wata doka na hana ta ba, ban san da dokar ba. Tsoron mura nake yi.

Ranar ta tashi da wuri. Ta sa rigar aikinta mai ruwan toka, ta tsuke ƙugun siket ɗin da fil saboda ramar da ta yi. Ta daɗe a gaban madubi tana daidaita gashin kanti da ta saya tun lokacin da nata ya zube, wanda ba ta taɓa sawa ba sai ranar.

"Yaya ka gan ni?"

"Kamar mai karanta labarai a talabijin."

"Wace tasha?"

"Wadda ba a kallo."

Ta jefe ni da burushi.

Na raka ta a tasi, na miƙa mata jakunkunan biskit a bakin ƙofa, na tsallaka titi na zauna a wani shagon shayi da littafina. Minti ashirin suka wuce. Shayi ya huce, na sa aka kawo wani. Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji, daga baya kuma na ji shi daga bakin wasu, babu inda suka saɓa.

Ƙofar ofishin ba ta buɗewa sai an goga kati, ta goga nata kamar yadda hannunta ya saba. Ta bi tebur-tebur tana ajiye biskit tana rusunawa. Da ta iso wurin Ukai, abokiyar zamanta ta shekara ashirin, sai ta tarar da ita idanu jawur. Ranar ce ƙarshen shekarar kuɗi, dole a rufe lissafi kafin a tashi, ga wani lissafin masu kawo takarda ya ƙi daidaituwa, wanda Sumie ce ta saba yinsa.

"Matsa in nuna miki," ta ce wa Ukai. "Ba zama zan yi ba."

Ta zauna. Daga wannan aka kawo wani, daga shi aka tambaye ta inda ake ajiye kaza da kaza. Hirase ya fito ya gan ta a kujerarta da tabarau a hanci, sai idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A sashena ba a aikin kyauta. A rubuta Nagumo-san ta zo aiki yau, a biya ta ladan yini cikakke. Ba rabi ba, cikakke."

Aka yi tafi. Aka kawo furanni, aka jeru aka ɗauki hoto, ita a tsakiya.

Da ta fito fuskarta ta yi ja kamar ta yarinya. Ta ce yunwa take ji, kalmar da na yi watanni ban ji daga bakinta ba. Muka shiga wani shago ta cinye kwanon taliya har da romon.

"Sun yi mini tafi, Malam. Ukai har da kuka."

"Ukai tana kuka in injin kwafi ya cije takarda."

"Hassada ce ke damunka. Kai da aka rufe maɗaba'arku ko kare bai yi haushi ba."

Muna isa gida ta amayar da taliyar duka. Tana goge baki ta ce ko a haka ta ci riba.

A watan Mayu, maimakon kuɗin Afrilu, sai takarda ta zo daga asusun inshora: ba a amince da ci gaba da biyan alawus ba. Na ɗauka kuskure ne. Na yi rayuwata ina ganin yadda manyan ofisoshi ke kuskure, har na ji wani ɗan daɗi. Na ce wa Sumie hatimi ne ya ɓace, na sa kwat na tafi.

Wata mata mai suna Tsuzuki ce ta saurare ni, mai furfura a gefen kai da murya irin ta masu jinya. Ta buɗe fayil, ta karanta, ta rufe shi a hankali.

"Nagumo-san, alawus yana bin mutum bayan ya bar aiki ne in ranar da ya bar aikin ta same shi a cikin jinya, bai je aiki ba. Maiɗakinku ta je aiki ranar."

"Sallama ta je."

"Kamfani ya rubuta ta zo, ya biya ta."

"Biskit ta kai, Tsuzuki-san. Mace mai ciwon daji a hanta ta kai biskit."

"Na gane."

"Likita ya sa hannu cewa ba ta iya aiki a watan Maris. Ya sa hannu a na Afrilu. Ya warkar da ita ne na yini ɗaya a tsakani bai gaya mana ba?"

"Ba mu ce ta warke ba. Igiyar ce ta tsinke a ranar. Da a tsakiyar wata ta je, da ranar kawai za a cire, washegari a ci gaba, tunda tana nan a ma'aikaciya. Amma wannan ranar ba ta da washegari. Kashegarinta ba 'yar asusunmu ba ce, babu inda za a ɗaura."

"To mu mayar da ladan yinin. Ga shi nan, da ruwa in kuna so."

"Mayar da kuɗi ba ya mayar da zuwa."

Jimla ce mai kyau, babu abin da zan gyara a cikinta.

"Yana yawan faruwa?" na tambaya.

Ta dubi fayil ɗin. "Duk ƙarshen Maris. Kuma kusan kullum masu ladabi ne. Wanda ya yi fushi da kamfani ya ƙi leƙowa, shi ba ya samun matsala." Ta miƙe ta rusuna. "Ku yi haƙuri ƙwarai."

Tun da na riga na sa kwat, sai na zagaya sauran ƙofofin. A ofishin marasa aikin yi aka ce kuɗinsu na mai lafiya ne da ke neman aiki, matata kuwa takardar likita ta nuna ba ta iya aiki. A ofishin fansho aka ce fanshon naƙasa sai ciwo ya cika shekara ɗaya da rabi daga ranar da aka fara ganin likita, mu dawo a watan Janairu. Wato a wuri ɗaya ta cika lafiya, a wuri na biyu ta cika ciwo, a na uku ba ta daɗe da ciwon yadda ya kamata ba. Kowa ya rusuna. Ban taɓa ganin tsakiyar kawunan mutane da yawa haka a yini ɗaya ba.

Daga nan na wuce wurin Hirase. Ya shigar da ni ɗakin baƙi, aka kawo shayi. Da na gama bayani sai jini ya bar fuskarsa. Bai sani ba. Na so ƙwarai a ce ya sani.

"Maigida, ni ne. Ni na ce a rubuta." Ya sauko daga kujera ya durƙusa a ƙasa, goshinsa ya kusa taɓa kafet.

"Tashi, Manaja, wandonka zai yi datti. Abu ɗaya nake so. A gyara rubutun. A ce ba ta zo ba."

Bai ɗago ba. "Ta goga kati. An biya, an cire haraji, an aika wa asusu. Mutum arba'in sun gan ta. Hotonta yana cikin mujallar kamfani ta wannan watan, shafi na biyu."

"Na yi shekara talatin ina cire abin da aka riga aka rubuta. Ba ya ciwo."

"Wannan takardar ƙarya ce ga asusun inshora, Maigida. In aka bincika, ba ni kaɗai ba, har Ukai da ta shigar da shi, har ita Nagumo-san. Ku gafarce ni. Ku gafarce ni."

"Kenan gaskiya ce ta je aiki."

"Ta yi aiki," ya ce a hankali. "Ta yi aiki mai kyau ƙwarai."

Bayan mako guda ya aiko da ambulan, karo-karon da 'yan sashen suka yi. Ya biya hayar wata ɗaya da rabi. Sumie ta sa na sayo tawul-tawul na tukuici aka aika wa duk wanda ya sa hannu, kusan rabin kuɗin ya koma can. Ban ce komai ba. A lokacin na riga na fara koyon rashin cewa komai.

Domin ranar da na dawo daga wurin Hirase, na tarar labari ya riga ni. Ukai ta bugo waya tana kuka tana neman gafara. Na buɗe ƙofa na ga Sumie ta sauko daga shimfiɗa, ta durƙusa a bakin zaure, hannuwa a ƙasa, kamar yadda ake tarbar babban baƙo.

"Sannu da dawowa," ta ce. "Na jawo muku wahala. Kun ce kada in je, na ƙi ji. Ku yafe ni."

Ku. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa ce mini ku ba, ko a gaban iyayena.

"Tashi, ƙasa da sanyi," na ce. "Ba komai."

Na ɗauka na kwana biyu ne. Ba na kwana biyu ba ne.

Kuɗi suka fara fita ta ƙofofin da ban san da su ba. Inshorar lafiya da kamfani ke biyan rabi, yanzu duka a kanmu. Harajin gari ya zo a kan albashin da ta ci bara. Ɗan abin da muka ajiye ya narke kafin damina ta wuce. Na sayar da littattafai, mai shagon ya auna su da ido kamar itacen girki. A watan Yuli na sami aikin da ake ba tsofaffi irina: tsaron hanya a wurin gyaran titi. Hular kwano, riga mai ƙyalli, da jan sanda. Ka ɗaga, mota ta tsaya, ka rusuna wa direba. Ka sauke, ta wuce, ka sake rusunawa. Daga jan biro zuwa jan sanda. Da Sumie ta da ce, da ta yi wata guda tana cin naman wannan. Sumie ta yanzu ta goge mini hular da tsumma ta ce, "Ku kula da rana."

Ina fita da sassafe, ina dawowa bayan faɗuwar rana. Ma'aikaciyar jinya tana leƙowa sau biyu a mako, maƙwabciyarmu ta ƙasa tana hawowa in ta samu hali. Sauran lokacin Sumie ita kaɗai ce da bokiti da silin. Alawus ɗin da aka hana mu zai kai har Janairu. Na sha yin wannan lissafin a tsaye a bakin titi, da yake babu abin karantawa sai lambobin mota.

Na gwada tsokanarta. Na zuba gishiri a kunu da gangan har ni kaina ban iya sha ba. Ta shanye, ta ce an gode. Na dawo da sauran littattafan na jibge su a hanyar banɗaki. Ta riƙa raɓawa ta gefensu tana dafa bango, ba ta ce uffan ba, har kunya ta sa na kwashe. Ta daina kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana don kada kuɗin wuta ya hau, na dawo na same ta jiƙe da gumi a zafin Agusta. Da likita ya kawo maganar wani sabon magani, kafin in buɗe baki ta ce a bar shi, ta gaji. Wataƙila ta gaji ɗin. Ban sani ba. Mutumin da ke ce maka ku ba ya gaya maka irin wannan.

Ni ma kuma na zama mai ladabi. In ta ce ku yafe ni, in ce ba komai. In ta ce kun gaji, in ce ko kaɗan. Mai ciwo ce, ana lallaɓa mai ciwo, haka kowane littafi ya ce. Muka zauna a ɗaki ɗaya kamar baƙi biyu a jirgin ƙasa, kowa yana janye gwiwarsa kada ta taɓa ta ɗan'uwansa. Maƙwabciyarmu ta tare ni a bene ta ce, "Nagumo-san, gidanku ya yi shiru." Na ce mata mun girma ne.

Wata safiya a watan Nuwamba ina ɗaura igiyar takalmi a zaure, sai na ji muryarta daga ɗaki. Ta yi rauni sosai a lokacin, sai an kasa kunne.

"Isao."

Ba ku ba, ba Malam ba. Sunana.

"Na'am?"

"Kana jin haushina?"

Motar da ke kwasar mu tana tsayawa a bakin gada, ba ta jiran kowa, wanda ya makara ya rasa ladan yini. Takalmi ɗaya a ƙafata, ɗaya a hannu.

"Haushin me? Ki sha maganinki. Sai na dawo."

Sai ta ce, "A dawo lafiya."

Duk safiyar ina ɗaga sanda ina sauke sanda ina juya tambayar. Sai wajen tsakar rana na gane cewa ba tambaya ba ce, ƙofa ce ta buɗe mini, ta farko tun watan Mayu, ni kuma na rufe ta da ladabi. Na shirya amsa. Na tsara ta, na cire abin da ya yi yawa, na ajiye ta sai yamma.

Ba a yarda mai tsaron hanya ya riƙe waya a bakin aiki ba, a mota ake bari. Da aka ba mu hutun cin abinci na duba tawa, na ga ma'aikaciyar jinya ta kira har ta gaji. Ita ta same ta, ta riga ta cika. Ta ce da alama ba ta sha wuya ba. Haka suke cewa, na san jimlar, na sha gyara ta a littattafan mutane.

Furannin da kamfani ya aiko wurin jana'iza sun fi na kowa girma. Hirase ya zo da baƙar kwat ya ƙona turare ya rusuna, na rusuna. Ukai ta riƙe hannuna ta ce har yau in lissafi ya ƙi daidaituwa sai ta juya ta dubi kujerar. Na ce mata an gode da ɗawainiya. A watan Janairu ofishin fansho bai neme mu ba, mu ma ba mu neme shi ba.

Har yanzu ina tsaron hanya. Fanshona ya kusa fara fitowa, an ce zai ishi mutum ɗaya. Mutane suna ɗauka abin da ya tsaya wa gwauro a maƙogwaro kalma ce mai daɗi, irin wadda ake rufe littafi da ita. Tawa ba mai daɗi ba ce. Ita ce dai amsar da na tsara a bakin titi, kuma na tabbata da ta ji ta da ta tashi zaune ko da da ƙyar, da ta nemi abin jifa, da maƙwabciyarmu ta ji mu ta cikin silin ta koma barcinta da kwanciyar hankali.

Eh, Sumie, ina jin haushinki. Kin fifita fuskar mutum arba'in a kan tawa, kin tafi kin yi wa kowa sallama da ƙafarki, ni kika bar ni da sanda a bakin titi. Taurin kanki ya fi na jaki, kuma gashin nan bai yi miki kyau ba. To, ga ni. Rama.